Sayen motar tafi-da-gidanka ta hannu a Texas: takardu, haraji da wa'adin kwana talatin

A Amurka, idan ka sayi mota a wurin dillali, shi ne ke karɓar harajin ciniki ya miƙa wa gwamnati, ya cike takardu, kai naka sa hannu da karɓar makulli. Idan kuwa a hannun mai ita ka saya, aikin nan gaba ɗaya ya dawo wuyanka. Mai motar ba ya karɓar haraji, ba huruminsa ba ne, shi ya sa mutane da yawa ke zaton cinikin hannu da hannu ba shi da haraji. Yana da shi. Yana jiranka ne a ofishin harajin gundumarku, ranar da ka je mayar da motar sunanka, kuma a kan motar tafi-da-gidanka, wato mai ɗakin da ake kwana a cikinta, ba ƙaramin kuɗi ba ne.

Wadda na bi wannan hanya a kanta irin matsakaitan nan ce da ake kira Class C, masu gado a saman kan direba. An gina ɗakinta a kan shasin Ford E-450, injinta mai shan fetur ne, V10 mai lita 6.8, nauyin da aka yarda ta ɗauka da ita da kayanta laba 14,500, wato kusan kilo 6,600. A jihar Texas aka yi cinikin, a nan aka yi rajista. Dokokin da zan ambata na Texas ne, sai inda na kira sunan wata jiha, domin kowace jiha da nata tsarin.

Kafin na taka ƙafa zuwa ganin motar, lambar VIN na nema daga mai ita, lambar shaidar mota mai haruffa da alƙaluma 17, tare da hoton takardar mallaka gaba da baya. Mai sayarwa na gaskiya ba ya jan ƙafa a kan wannan. Da lambar ake bincike iri uku. Na farko a rumbun NMVTIS na gwamnatin tarayya, wanda ke nuna jihohin da motar ta taɓa yin takarda, da ko kamfanin inshora ya taɓa yanke cewa ta lalace ba ta gyaruwa, da ko an yi mata tambarin ambaliya. A yankin Houston wannan ba abin wasa ba ne, saboda guguwar Harvey ta 2017 ta nutsar da motoci masu yawan gaske, wasunsu kuma an busar da su sun koma kasuwa. Na biyu a shafin NHTSA, hukumar tarayya mai kula da amincin motoci a hanya, don ganin ko akwai gyaran da kamfani ya yi kira a kawo ba a kai ba. Na uku, wanda yawancin masu saye ke tsallakewa, shi ne shafin hukumar motoci ta Texas, inda ake shigar da VIN da adadin mil ɗin da motar ta yi, ya fito da ƙimar da jiha ta yi wa motar. Sunan wannan ƙima SPV.

Wani abu game da VIN ɗin irin waɗannan motoci: kamfani biyu ne suka ƙera su. Ford ya yi shasi da inji, wani kamfanin ya ɗora ɗaki, ya kuma ba shi tasa lambar. Saboda haka ba abin mamaki ba ne VIN ya nuna shekara ɗaya, takardar mallaka ta nuna shekarar da ke biye da ita, don shasin ya kwana a harabar masu ɗora ɗaki kafin a gama aiki. Wannan ba algus ba ne. Abin da ba a yarda da shi ba shi ne VIN na jikin mota, wanda ke gindin gilashin gaba da kan takardar da ke jikin ƙofar direba, ya saɓa da na kan takardar mallaka ko da da harafi ɗaya ne.

Yanzu lissafin harajin, wanda ya kamata a yi shi tun kafin a fara taya mota. Texas na karɓar kashi 6.25 cikin ɗari, babu ƙarin na gari ko na gunduma a kan motoci. Sai dai a cinikin hannu da hannu ba kullum ake lissafa shi a kan kuɗin da ka biya ba. Ana ɗaukar wanda ya fi yawa tsakanin farashin da ka biya da kashi 80 cikin ɗari na SPV. A ce an sallama maka mota a dala 42,000. Idan SPV ɗinta dala 50,000 ne, kashi 80 ɗinsa 40,000 ke nan, farashinka ya fi shi, harajinka dala 2,625. Idan kuwa SPV ɗin 60,000 ne, kashi 80 ya zama 48,000, a kansa za a yanke maka, ka biya dala 3,000, duk da cewa ba abin da ya fita daga aljihunka ba ke nan. Ma'aikaciyar ofishin haraji ba ta da ikon rage maka, ko da ka nuna mata hoton rufin da ke yoyo.

Mafita ɗaya doka ta bari: ƙimantawa ta hukuma a kan fom mai lamba 14-128, wadda dillali mai lasisi ko jami'in inshora mai ƙimanta ɓarna zai yi cikin kwana 30 daga ranar ciniki. Idan ya rubuta cewa motar ba ta kai abin da jiha ta ɗauka ba, sai a yanke haraji a kan ƙimarsa, amma ba za a sauka ƙasa da abin da ka biya ba. Dillali na iya cajin daga dala 100 zuwa 500 a kan irin wannan mota. Ka ga a misalin da na kawo bambancin dala 375 ne kawai, ba lallai wahalar ta biya ba. Inda take da amfani shi ne idan ka sayi mota mai babbar matsala da gangan, a rabin kuɗinta, don ka gyara. Motar da ta kai shekara 25 ba ruwanta da SPV, a kan farashin ciniki kawai ake yanke mata.

Za ka haɗu da mai sayarwa da zai ce maka, cikin nuna kirki, a rubuta ƙaramin farashi a takarda don harajinka ya ragu. Kada ka yarda. A jikin fom ɗin da ku biyu za ku sa wa hannu an rubuta ƙarara cewa ba da bayanin ƙarya babban laifi ne a dokar jiha, sannan SPV ya riga ya toshe mafi yawan ribar da ake hange. Haka ma dabarar cewa kyauta ce. Texas na karɓar dala 10 kacal a kan kyautar mota, amma tsakanin dangin da doka ta lissafa: mata da miji, iyaye da 'ya'ya, kakanni da jikoki, 'yan uwa na ciki ɗaya, surukai. Kawu da goggo da ɗan baffa ba sa ciki, balle aboki. Irin zumuncinmu ya fi faɗin abin da fom 14-317 ya sani.

Tambayar da aka fi yi ita ce ta ƙetare iyaka: idan na je jihar da ba ta karɓar harajin ciniki na sayo fa? Jihohi biyar ne ba su da harajin ciniki na jiha, Alaska da Delaware da Montana da New Hampshire da Oregon. Akwai kuma irin Arizona da Nevada da ba sa ɗora haraji a kan cinikin mota tsakanin mutum da mutum. Duk wannan amfanin mazauna can ne. Haraji na bin inda za a yi wa mota rajista, ba inda aka ƙirga kuɗi ba. Mazaunin Texas da ya sayo mota a Oregon zai biya kashi 6.25 ɗin nan cif, da sunan harajin amfani, cikin kwana 30 da shigo da ita. Idan ya riga ya biya wa wata jiha haraji a kan cinikin, za a cire masa abin da ya biya, muddin rasit na hannunsa. Dala 90 da ake ji ana faɗa ta sabon mazauni ce, wanda ya ƙauro Texas da motar da tun can tana da rajista da sunansa. Ba ta shafi wanda ke zaune a nan ya je ya sayo ba.

Bambancin jihohin yana da faɗi. South Carolina na karɓar kashi 5 amma ba ya wuce dala 500 komai tsadar motar. Florida kashi 6 ne, da ɗan ƙarin gunduma a kan dala 5,000 na farko. California na farawa daga kashi 7.25, ya ƙaru gwargwadon adireshin mai saye, kuma idan mazauninta ya sayi mota a waje ya shigo da ita cikin wata 12, tana ɗauka cewa don amfani a California ya saya. Wannan tazara ce ta haifar da sana'ar buɗe wa mutane kamfanin takarda a Montana a yi rajistar motar da sunansa. Rajistar halal ce a Montana. Matsalar tana jiharka, wadda dokarta ta ce motar da ke kwana a cikinta ta biya mata haraji, kuma idan aka gano, da tara da kuɗin ruwa za a karɓa. Ga inshora kuma, wadda ke iya ƙin biya idan ta ga an ɓoye mata ainihin inda motar ke zama. Ni a ganina, a kan motar dala dubu arba'in, wannan neman fitina ne.

Sai ganin mota ido da ido. Na roƙi mai ita ya kunna firji tun daren jiya, ya zuba ruwa a tanki, ya tabbatar akwai fiye da rabin tankin fetur, amma kada ya tayar da inji kafin na iso. Kowanne da dalilinsa. Firjin waɗannan motoci, na Dometic ko Norcold, yawanci ba mai kwamfaresa ba ne, da zafi yake aiki, yana ɗaukar sa'o'i kafin ya yi sanyi. Ana buɗe murfinsa ta waje a duba: warin amoniya ko wani gari rawaya a jikin bututu alama ce ta cewa ya tsiyaye, kuma irin wannan ne ke jawo gobara. Janareta kuwa, galibi Onan mai wat 4,000, daga tankin motar yake shan mai, kuma an yi bututunsa yadda zai daina samu idan mai ya sauka kusa da rubu'in tanki, don kada ya shanye ya bar ka a daji. Idan tanki ya yi ƙasa, sai a ce maka ai man ne, alhali janaretan ne ya mutu. A kunna shi, a ɗora masa na'urar sanyaya ɗaki, a bar shi ya yi aiki kamar rabin sa'a. Janaretan da sa'o'in aikinsa suka yi kaɗan ƙwarai ba abin murna ba ne, zama na toshe masa kafireto. Injin kuma a sanyinsa ake son jin sa: V10 ɗin Ford ya yi suna wajen karyewar kusoshin da ke riƙe bakin salansa, za ka ji ƙas-ƙas-ƙas da an tayar, ya ɓace idan ƙarfe ya yi zafi ya buɗe.

Amma abin da ke kashe motar tafi-da-gidanka ba inji ba ne, ruwa ne. A nan na fi daɗewa. Rufinta roba ce a shimfiɗe a kan katako, kuma duk inda aka huda shi, wajen fanka, eriya, na'urar sanyi, bakin gaba da na baya, da gam aka liƙe. Rana na busar da gam ɗin ya tsage, ruwa ya riƙa shiga kaɗan-kaɗan shekara da shekaru ba wanda ya sani. Na hau sama na bi kowane layin gam da yatsa. A ciki na ɗaga katifar gadon saman direba, na danna kusurwoyi da tafin hannu, domin nan ne Class C ta fi ruɓewa. Katako mai lafiya ba ya motsi, wanda ya sha ruwa kuwa lotsawa yake kamar burodi. Na buɗe kowace durowa ta sama na haska kusurwarta da tocila ina neman tabo ruwan ƙasa ko ƙusa mai tsatsa, na taka ƙasan gaban banɗaki da bakin ƙofa. A waje, idan ka tsaya a gefe ka kalli bangon ta tsawonsa rana na dukansa, duk inda ya kumbura fatar bangon ce ta rabu da katako. Wannan ba a gyara shi da araha. Na'urar auna danshi ba ta da tsada, kuma tana gano abin da ido bai kai ba. Wanda bai saba ba ya ɗauki mai duba irin waɗannan motoci, akwai masu shaidar NRVIA, ƙungiyar masu wannan sana'a.

Taya shida ce, kuma kyan zanenta ba ya gaya maka komai, tunda motar ta fi zama fiye da tafiya. A gefen kowace taya akwai lambar da ta fara da DOT, alƙaluma huɗu na ƙarshe su ne mako da shekarar da aka yi ta: 2318 na nufin mako na 23 na 2018. Tayar da ta haura shekara shida ko bakwai, ka sa kuɗin sabuwa a lissafinka ka cire daga farashi. Ta ciki a baya ta fi wuyar karantawa, sai ka kwanta da tocila, kuma ita ce masu sayarwa ke barin tsohuwa. A duba takardar nauyi da ke jikin ƙofa a ga laba nawa ya rage na kaya. Galan ɗaya na ruwa laba 8.3 ne, tanki mai galan 40 ya ci sama da laba 330 tun ba a ɗora tukunya ba. Batun lasisi kuma: na mota na yau da kullum ya isa ga wannan, amma a Texas idan nauyin ya haura laba 26,000, kamar manyan nan masu dizal, sai an yi lasisin Class B wanda ba na kasuwanci ba.

Da muka daidaita a farashi na ba da kafin alƙalami kaɗan, da rubutacciyar yarjejeniya cewa za a mayar idan takardu suka ƙi. Takardar mallaka ta Texas mai tsabta, wato ta motar da ba a yanke cewa ta lalace ba, shuɗiya ce. Sunan da ke kanta dole ya zama na mutumin da ke tsaye a gabanka, ka gwada da lasisinsa. Idan sunaye biyu ne, duka biyun su sa hannu. Idan ya ce ai shi ma saye ya yi bai mayar da sunansa ba, ga sa hannun mai ita na farko, ka janye: haramun ne a doka, kuma duk wata tangarɗa a takardar kai za ka nemo mutumin da ba ka taɓa gani ba. Ba a gogewa, ba a shafa farin ruwa, ba a soke rubutu a kan takardar nan. Kuskure ɗaya kan sa a dawo da ita. Sai an rubuta adadin mil, domin motocin 2011 zuwa sama dokar tarayya ta wajabta hakan har su shekara 20, sai dai masu nauyin da ya wuce laba 16,000, waɗanda aka ɗauke musu.

Inda aka fi asarar kuɗi shi ne motar da banki ke bin bashi a kanta. Ana ba da rancen waɗannan motoci na shekaru masu yawa, har yakan zama bashin ya fi ƙimar motar. Idan sunan banki na kan takardar, ko ma takardar tana hannun bankin, kada ka miƙa wa mai motar kuɗin duka da alƙawarin zai je ya biya. A sa shi ya karɓo wasiƙar da ke nuna ragowar bashin har zuwa wata rana, ka biya bankin kai tsaye, shi kuma ya karɓi abin da ya saura, sannan a karɓi takardar sakin jingina. Idan bankin na da reshe kusa, a yi komai a can. Ko babu bashi, a banki ya fi dacewa a biya: a yanki cekin banki a gaban mai motar, don na jabu sun yi yawa, shi ma hankalinsa ya kwanta. Wanda zai ciri tsabar kuɗi sama da dala 10,000 ya sani banki zai kai rahoto, wannan ba laifi ba ne. Rarraba kuɗin ƙanana-ƙanana don kauce wa rahoton shi ne laifi.

A teburin bankin muka cike fom 130-U, na neman takardar mallaka da rajista, wanda ke da gurbin farashi da sa hannun mai sayarwa da mai saye. Muka rubuta takardar shaidar ciniki kwafi biyu: sunaye, VIN, mil, farashi, kwanan wata, da cewa an sayar da ita yadda take. Kafin na juya makulli na kira kamfanin inshora suka sa motar, domin ta mai ita ba ta bin ka, ofishin haraji kuma ba ya rajista sai da shaidarta. Mafi ƙarancin da Texas ta yarda shi ne dala 30,000 ga mutum ɗaya, 60,000 ga hatsari ɗaya, 25,000 ga dukiya, wanda bai taka kara ya karya ba ga mota mai tan shida da rabi. Mai sayarwa na da damar cire lambarsa. Idan zai cire, a nemi takardar izinin tafiya ta wucin gadi tun kafin ranar.

Daga ranar da aka rubuta a bayan takardar mallaka kwana 30 ke fara ƙirguwa, har da Asabar da Lahadi. A gida an saba a sayi mota a ci gaba da hawa da takardun mai ita har sai sun ƙare. A nan jinkiri kuɗi ne, kuma tara biyu ce. Ta haraji kashi 5 ce idan lattin bai wuce kwana 30 ba, kashi 10 idan ya wuce: a kan 2,625, dala 131.25 ko 262.50. Ta takardar mallaka dala 25 ce, tana ƙaruwa da 25 duk bayan kwana 30 har ta kai 250.

Tun 1 ga Janairun 2025 Texas ta soke duba lafiyar motocin da ba na kasuwanci ba, ta maye gurbinsa da dala 7.50 da ake biya wajen rajista. Gwajin hayaƙi bai tafi ba a manyan gundumomi irin Harris da Dallas da Tarrant da Travis, ga motocin fetur masu shekara 2 zuwa 24. Ba kowace tashar gwaji ce ke da ƙofar da mota mai tsayin ƙafa goma sha ɗaya za ta shiga ba, a kira a tambaya kafin a tafi.

A ofishin harajin gunduma na miƙa takardar mallaka, fom 130-U, shaidar inshora da lasisi. Aka shigar da VIN, aka gwada farashin da SPV, aka haɗa haraji da kuɗin takardar mallaka, dala 28 ko 33 gwargwadon gunduma, da na rajista wanda ake yankewa bisa nauyi. Kati na da ƙarin caji na kaso, wanda a kan dubban daloli ana jin sa, don haka ceki ya fi. Idan da hali a tafi da mai sayarwa, domin duk gyaran da aka nema a yi shi nan take. Shi kuma ya shigar da sanarwar sayarwa, fom VTR-346, cikin kwana 30, don kada tarar hanya da kuɗin titin biya su riƙa zuwa masa. Rasit ɗin da aka ba ka a ofishin shi ne shaidarka har takardar mallaka ta iso ta gidan waya, abin da kan ɗauki aƙalla ranakun aiki 20. Idan da rancen banki ka saya, bankin za a aika wa, ba kai ba.